Takardar Jinin Nafi'u

Jiya na ji ɗayanku yana cika baki a ƙofar shagon nan, wai haɗa wurin shiga manhaja, inda mutum zai sa suna da kalmar sirri, aikin minti goma ne, kafin shayi ya huce an gama. Ban tanka masa ba don ina cin ƙosai. Yau ba komai a bakina, sai ku jawo benci ku zauna. Shigar da mutum ba ita ce sana'ar ba. Sana'ar tana farawa ne bayan ya shiga: na'ura ta ci gaba da sanin ko shi wane ne, me ya buɗe, a ina ya tsaya, har lokacin da zai tashi. Wannan shi muke kira zama. Na kusa shekara ashirin ina wannan aiki a Kankia, kuma rabin furfurar da kuke gani a kaina zama ne ya sa mini ita.

Abu na farko da za ku riƙe shi ne, saba ba ta da tunani. Saba ita ce babbar kwamfutar da manhaja ke zaune a kanta, can wata duniya. Duk dannawar da mutum ya yi a wayarsa, baƙo take ganinsa, ko da daƙiƙa ɗaya da ta wuce ta gama yi masa aiki. Don haka muke yi mata dabarar mai cajin waya. Ka kai waya caji, ya manna mata lamba, ya ba ka guntun kwali mai lamba iri ɗaya. In ka dawo ba fuskarka zai duba ba, kwalin zai duba. To haka saba ke ba burauza, wato manhajar da ake buɗe shafi da ita, wata 'yar lamba da ake kira kuki, duk lokacin da burauzar ta dawo sai ta nuna ta. Mai caji dai in ya ga yaro ya zo da kwalin dattijo zai ɗaga kai ya yi tambaya. Saba ba ta ɗaga kai.

A birnin Katsina na koyi aikin, wurin Oga Hamisu, mai wani shagon intanet da ya fi kama da gidan burodi saboda zafi. Shekarata ta farko ban rubuta kod, wato umarnin da ake gina manhaja da shi, ko layi ɗaya ba. Goge allo nake yi, da zuba wa janareta mai, da bin kujeru bayan kwastoma sun tashi ina rufe musu akwatin saƙon da suka bari a buɗe. Na ɗauka wulaƙanci ne. Wata rana ya sa na tsaya a bayansa tun safe muna kallon masu tashi, muna duba wa zai danna wurin fita. Ba a samu ko mutum ɗaya ba. Ya juyo ya ce, "Tukur, ka gani? Mutanenmu ba su rufe ƙofa in sun fito daga zauren ɗan'uwa. Kai za ka rufe musu." Sai bayan nan ya ba ni tsohon laftof ɗinsa, wanda sai an tokare murfinsa da littafi, ya fara nuna mini inda saba ke rubuta sawun duk wanda ya shiga da abin da ya taɓa. Wannan rajistar sawu, in kuna raina ta, ba ku fara aiki ba tukuna.

Aikina na farko bayan na dawo gida na wata makaranta ne, wurin duba sakamakon jarrabawa. Saboda faɗan Oga yana kunnena, na sa in mutum ya yi minti biyar bai taɓa komai ba, zamansa ya mutu. Na manta da irin sabis ɗinmu. Uba zai hau tudun bayan gida yana ɗaga waya sama, kafin shafi ya buɗe an riga an kore shi, ya sake lalubo kalmar sirri. Na sha zagi har daga bakin waɗanda suka girmi mahaifina. Aiki na gaba, na wata ƙungiyar manoma, sai na saki igiya na bar zama ya kai wata guda. Nan kuma na gano a Mawashi waya ɗaya tana iya yi wa gida biyar aiki. Mai wayar ya shiga da sunansa, maƙwabci ya ara, ya rubuta girman gonarsa a kan sunan mai wayar. Aka yi dariya, aka gyara, ba wanda ya mutu. Ni kuwa na fara ganin na zama gwani.

Cikin wannan jin kai aka kira ni wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a nan garin. Mai shi Hajiya Mairo, tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, mace mai tsari, makullan wurin duka a ɗaure suke a bakin zanenta. Tana son a daina neman katin marasa lafiya cikin kwali. Na'ura uku aka saya: ɗaya a ofishinta, ɗaya a teburin gaba wurin Binta mai karɓar baƙi, ɗaya a ɗakin gwajin jini wurin Malam Sada. Na buɗe wa kowannensu suna da kalmar sirrinsa, na rubuta a takardu uku, na miƙa wa Hajiya ta raba musu.

Buƙata ɗaya ta kafe a kai. Ta ce in wuta ta ɗauke kwamfuta ta mutu tana cikin duba katin wani, tana son ta ɗauki wayarta ta tarar da katin nan a buɗe, ba sai ta sake nema ba. Magana ce ta hankali, kowa ya san halin wutarmu. Sai na yi abin da ya fi sauƙi. Maimakon in ɗaura zama a kan kowace na'ura da lambarta, na ɗaura shi a kan sunan mutum. Saba ta riƙa ajiye cewa Hajiya tana kan katin wane. Duk abin da aka rubuta da sunan Hajiya, daga kowace na'ura, kan wannan katin zai sauka. Na gwada a shagona, ni kaɗai, ya yi aiki kamar an shafa masa mai. Na karɓi godiya na kama gabana.

Abin da ban sani ba, takardun nan uku ba su taɓa fita daga jakar Hajiya ba. A ganinta kalmar sirri makulli ce, kuma ba a ba ma'aikaci makullin gida. Kullum da safe, yadda take buɗe ɗakin magani da hannunta, haka take zagayawa ta buɗe na'urorin nan uku da sunanta. Binta da Malam Sada ba su ga abin tambaya ba, ai wurinta ne. Mutum uku suna aiki, saba tana ganin mutum ɗaya. Da na zauna a asibitin ko wuni guda ina kallon yadda suke aiki, da na gani da idona. Ban zauna ba.

Ranar wata Juma'a cikin damina, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, Binta ta kira ni. Wani malamin makaranta daga Kafinsoli ya zo karɓar sakamakon gwajin jininsa da aka yi sati uku da suka wuce, katinsa kuwa fayau, ba komai a ciki. Malam Sada yana rantsuwa ya shigar. Na tafi da laftof ina gunguni a raina cewa tsoho ya manta ya danna wurin ajiyewa.

Na buɗe rajistar sawu ta ranar da aka yi gwajin, na bi ta layi-layi. Ga inda Malam Sada ya shigar da sakamakon wani saurayi, Nafi'u daga Kaikai: AS. Ga inda ya buɗe katin malamin Kafinsoli. Sai ga na'urar teburin gaba ta buɗe katin Nafi'u, saboda yayansa ya zo tambaya ko takarda ta fito. Minti biyu bayan haka Malam Sada ya rubuta AA ya ajiye. A allon gabansa sunan malamin ne, amma a wurin saba Hajiya ta riga ta koma kan katin Nafi'u. AA ɗin malamin ya hau kan AS ɗin Nafi'u ya shafe shi. Layi na gaba, firinta ta buga takardar Nafi'u.

Na karanta sau uku. Tsoro ya kama ni. Na ce wa Malam Sada ya kawo littafinsa na hannu, wanda nake yi masa tsiya a kai ina ce masa zamanin biro ya wuce. Ya buɗe. Nafi'u, Kaikai, AS, da jan biro.

"Wanga gwaji na mi ne ya zo yi?" na tambayi Binta.

"Na aure ne. Tare suka zo da yarinyar."

"Nata fa?"

Ta duba. AS. Kowa a ɗakin ya san ma'anar haka, duk cikin da za a samu a irin wannan aure yana iya zuwa da sikila. Binta ta jawo aljihun tebur ta fito da katin gayyata da Nafi'u ya kawo musu don jin daɗin yadda aka karɓe shi. Yau ne. Bayan sallar Juma'a, a ƙofar gidan Malam Ɗahiru, mahaifin amarya.

Muka kira lambar Nafi'u da ke kan katinsa na asibiti, a kashe. Ta yarinyar, ba sabis. Hajiya ta shigo ta ji, ta zauna a kan kujera. Can ta ce, "Tukur, ko a bari a ɗaura, ran Litinin mu kira su a asirce? Ka san abin da za a ce da asibitin nan?"

Ba zan yi muku ƙarya ba, maganar ta shige ni. Ba wanda ya san da rajistar nan sai ni. In na rufe laftof, shekara biyu ko uku nan gaba a haifi yaro mai ciwo, za a ce ƙaddara ce, ba wanda zai tuna da wani Tukur mai kwamfuta. Malam Sada ne ya katse mini tunani. Ya rungume littafinsa ya ce, "Hajiya, sa hannuna ne a takardar can. In an ɗaura, kwancewa ta hi wuya." Ta dube shi, ta dube ni, sannan ta ce, "Ku tahi. Allah shi rufa asiri."

Babur ɗina muka hau, sha biyu ta gota. An yi ruwa da asuba, bayan mun bar kwalta hanya ta zama taɓo. Malam Sada ya cusa littafin cikin leda ya sa a ƙirjinsa ƙarƙashin riga. Sau biyu muna sauka muna turawa, gero ya rufe hanya hagu da dama, ba ka ganin komai sai sama. Kowane tsayi sai na sake kiran lambar Nafi'u. Sau ɗaya Malam Sada ya ce in rage gudu, gawa ba ta kai saƙo.

Muka shiga Kaikai liman ya riga ya hau mumbari. Ku da kuke ganin jiran shafi ya buɗe shi ne jira, ba ku san jira ba. Ana huɗuba ba a magana, mu kuwa ko fuskar Malam Ɗahiru ba mu sani ba. Muka yi alwala a gurguje, muka zauna a sahun baya a waje, taɓo har gwiwa. Allah ya yafe mini, ban ji kalma ɗaya daga huɗubar nan ba, ƙeyar mutane nake bi da ido ina tunanin wanne ne shi. Ana sallamewa na kama hannun na kusa da ni na tambaya. Ya nuna mini wani dattijo siriri mai farar riga, jama'a sun riga sun kewaye shi ana tafiya gidansa.

A ƙofar gida an shimfiɗa tabarmi, ga goro da alawa a faranti, ƙamshin shinkafa yana fitowa daga cikin gida. Liman ya zauna, wakilin ango ya matso. Na kutsa, ina taka ƙafafun mutane ina ba da haƙuri, na durƙusa a gefen dattijon.

"Baba, gafara dai. Daga asibitin Kankia muke. Magana ce da ba ta jira."

Ya dubi taɓon jikina, ya dubi Malam Sada, ya gane shi. Ya tashi ya ja mu cikin zaure. Na fara bayani, na ji kaina ina ambaton saba da zama, sai na ga ba shi da amfani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce, "Baba, takardar da aka ba Nafi'u ba tashi ba ce. Kuskure ne daga aikina. Ga na gaskiya." Malam Sada ya buɗe littafin ya ɗora yatsa.

Malam Ɗahiru bai yi boko ba, amma haruffan nan biyu ya san su. Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya ce, "Yara biyu na kai makwanci da hannuna saboda wanga abu. Ɗaya shekararshi bakwai, ɗaya ko yaye ba a yi ba. Shi ya sa na ce ba mai ɗaukar ɗiyata sai na ga takarda." Ya zaro takardar daga aljihun gaba, a naɗe cikin leda kamar takardar gona. "Na gani kuwa. Sati uku ina barci saboda ita."

Ya aika aka kira Nafi'u. Ya shigo da sabuwar shadda tana ƙara, hula a karkace, yana murmushi don ya ɗauka wata nasiha za a yi masa. Da ya ji, murmushin bai gushe nan take ba, sai da ya dubi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya.

"To wace ce ta gaskiya? Wagga mai hatimi, ko littahin da kowa ka iya rubutawa?"

Malam Sada ya ce a sake gwaji gobe, a ko'ina yake so, ba sai wurinmu ba.

"Gobe?" Nafi'u ya nuna ƙofa da hannu. "Mutanen ga da ke zaune fa? Shekara huɗu ina neman yarinyar nan. Baba, a ɗaura, in ya so a yi gwajin daga baya."

Dattijon ya girgiza kai a hankali. Ya gyara rigarsa ya fita. Daga cikin zaure muka ji muryarsa yana ba jama'a haƙuri, yana cewa an ɗaga sai wani lokaci, kowa ya tsaya ya ci abinci. Sai hayaniya ta tashi. Can cikin gida wata mace ta fasa kuka. Ban san ko amaryar ba ce ko uwarta, ban kuma tambaya ba. Muka tura babur ta bayan gida muka fita.

An sake gwajin a wani wuri. AS ya fito. Ba a ɗaura auren ba, ba a kuma sake sa rana ba.

Shekarar nan ita ce mafi muni a sana'ata. Na yi kwanaki ni da Malam Sada muna gwada kowane kati da littafinsa. Mun samu wasu 'yan wuraren da abin ya faru, Allah ya taimaka ƙananan gwaje-gwaje ne, muka bi masu su muka gyara. Na warware aikin daga tushe. Amma labari ya riga ni zagaya gari, wai kwamfutar Tukur ta raba aure a Kaikai. Makarantar da na yi wa aiki ta nemi wani. Ƙungiyar manoma ta koma littafi. Na dawo buga takardu da hoton fasfo kamar sabon shiga, har damina ta zagayo kafin wani ya sake ba ni aikin manhaja. Ban ji haushin kowa ba, ni ma da ni ne su haka zan yi.

Daga nan na samo dokokin da kuke cewa na cika tsanani a kansu. Kowace na'ura da lambar zamanta, ko da suna ɗaya aka shiga da shi. Lambar katin da ake aiki a kai tana tafiya ne tare da shafin da ke gaban mutum, ba a barin saba ta yi zato. Kafin a ajiye sakamako, sai an sake nuna sunan mai shi da manyan baƙaƙe an tambaya, wannan ne? Abin da aka riga aka rubuta ba a shafe shi, sai dai a ƙara gyara a ƙasa, da sunan mai gyaran. Kuma kafin in rubuta layi ɗaya, sai na je wurin kwastoma na zauna kwana uku a kan benci kamar marar aikin yi, ina kallon wa ke buɗe na'ura da safe, wa ke aron wayar wa, a jakar wa kalmar sirri take kwana. Kalmar sirrin ma da hannuna nake ba kowa tasa, in tsaya sai ya shiga a gabana. In mai wuri ya ce shi kaɗai zai riƙe makulli, in ɗauki laftof ɗina in yi masa sallama.

Nafi'u yana nan. Ya yi aure daga baya, yarinyar ma na ji ta yi. Duk ranar kasuwa yana wucewa ta gaban shagon nan da buhunan hatsi a bayan babur, wataƙila ma kun sha ganinsa. Sau ɗaya na tare shi, bayan abin ya kwana biyu, na ce ina neman afuwa. Wani da ke tsaye a wurin ya sa baki, wai ai godiya ya kamata ya yi mini, na tsare shi daga wahala. Nafi'u bai ko kalle shi ba. Ni ya kalla ya ce, "Jinina ba kai ka yi shi ba, na sani. Amma da ka yi aikinka daidai, da na ji labarin ga sati uku kahin ranar, ni kaɗai, a kan bencin asibiti. Kai ka sa na ji shi cikin shadda, gari duka na zaune a ƙofa."

Ya tada babur ɗinsa ya tafi. Tun ranar bai sake yi mini sallama ba, ni kuwa duk wucewar da zai yi sai na miƙe tsaye.